A Sassauta wa Mai Goyo Lokacin Aiki

Kowace safiya, tun gari bai gama wayewa ba, akan ga mata ma'aikata a tashoshin mota na Agege da Mushin da sauran unguwannin Ikko suna kokawar samun wurin zama domin su isa wurin aiki kan lokaci. Da yawa daga cikinsu sun baro jarirai a gida waɗanda ko wata uku ba su cika ba, ba kuwa za su sake ganinsu ba sai bayan magariba. Haka abin yake a Ibadan da Fatakwal da Abuja. Idan irin wannan mata ta je gaban shugabanta tana neman a rage mata sa'o'in aiki na ɗan lokaci, sau da yawa akan ɗauke ta tamkar mai roƙon alfarma. Lokaci ya yi da za a gyara wannan.

Abin da doka ta tanada a yanzu bai taka kara ya karya ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa tun 1974, ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Idan ta yi wata shida tana aiki a wurin, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Bayan ta koma kuma, an yarda mata rabin sa'a sau biyu a yini domin ta ba ɗanta nono. Mako shida dai kwana 42 ne, watau kwana biyu kacal bayan arba'in, lokacin da a al'ada mai jego ta gama wanka ke nan. Wadda ke kan albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 kuwa, rabinsa Naira 35,000 ne, ga hidimar suna, ga kuɗin asibiti. Saboda haka ko da an ce ta ƙara hutu ba albashi, ba za ta iya ba.

A ɗaya gefen kuma, likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya suna ta horon iyaye mata su shayar da jarirai nono zalla har wata shida, ba tare da ko ruwa ba, domin shi ne babban makamin kare yaro daga gudawa da ciwon haƙarƙari da tamowa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kaɗai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. To, ina hikimar a ce wa uwa ta shayar wata shida, alhali doka ta mayar da ita bakin aiki tun ɗanta yana da wata ɗaya da rabi? Rabin sa'ar nan da aka ba ta yana da amfani ne idan jaririn yana kusa. Matar da ke zaune a Agege tana aiki a tsibirin Ikko, rabin sa'a ko gada ba zai ƙetarar da ita ba.

Ba wai an rasa abin koyi ba ne. Dokokin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 sun ba ma'aikaciya hutun mako 16 da cikakken albashi, suka kuma yarda mata ta rage sa'a biyu kullum har tsawon wata shida daga ranar da ta koma aiki. Jihar Ikko ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun haihuwa zuwa wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta bi sawu a 2019. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a shekarar 2000, ta ce kada hutun ya gaza mako 14, kuma lokacin da aka rage wa mai shayarwa a lissafta shi cikin lokacin aiki, a biya ta. A Ingila ma tun 2003 doka ta ba iyayen ƙananan yara ikon neman a canja masu lokacin aiki, daga 2024 kuwa kowane ma'aikaci yana iya nema tun ranar da ya kama aiki, kuma tilas mai wurin ya ba da amsa cikin wata biyu, ba zai ƙi ba sai da dalilin da doka ta sani.

Waɗanda aka bari a baya su ne matan da ke aiki a wuraren da ba na gwamnati ba, kamar masaƙu da bankuna da manyan kantuna da makarantun kuɗi da asibitocin kuɗi. Su kam sai abin da mai wurin ya ga dama. Wata ta dace da mai tausayi, wata kuwa a nuna mata ƙofa, a ce akwai masu jiran gurbinta. Daga nan sai ta zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ta yaye ɗanta ba lokaci ba, ko ta ajiye aikin da ta yi shekaru tana koyo. Kowanne ta zaɓa, ƙasa ce ta yi hasara.

Masu kamfanoni sukan ce aiki ba ya jira, kuma idan aka sassauta wa ɗaya sauran ma'aikata ne za su ɗauki nauyinta. Wannan magana ce da ya kamata a saurara, musamman a ƙananan wurare masu ma'aikata biyar ko shida. Amma fa sassaucin da ake nema na 'yan watanni ne, hanyoyinsa kuma suna da yawa. Ana iya haɗa rabin sa'a biyun nan su zama sa'a guda, ta tashi da wuri. Ana iya ɗauke wa ma'aikaciyar jinya aikin dare na ɗan lokaci, ko a tattara wa malama darussanta da safe. Mai aikin lissafi ko rubutu tana iya yin kwana ɗaya ko biyu a mako daga gida da kwamfuta. Babban kamfani kuma ba zai talauce ba don ya ware ɗaki guda na renon yara. Duk wannan bai kai wahalar neman sabuwar ma'aikaciya da koya mata aiki daga farko ba.

Su ma matan akwai nasu aikin. Kada mace ta bari sai ranar komawa sannan ta tayar da maganar a tsaye a bakin ofis. Ta rubuta takarda tun hutu bai ƙare ba, ta faɗi sa'o'in da take so, da ranar da za ta koma cikakken aiki, da yadda za a tafiyar da aikinta a lokacin da ba ta nan, ta kuma ajiye kwafinta. Idan akwai ƙungiyar ma'aikata a wurin, ta sanar da ita. Idan an amince, to ta riƙe amana, domin wadda ta mayar da sassauci hanyar zuwa harkokin gabanta ta rufe wa na bayanta ƙofa. Mazaje kuma su tuna ɗan na mutum biyu ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka wajibi ne Majalisar Ƙasa ta sake duba sashe na 54, ta ƙara tsawon hutun, ta kuma rubuta a fili cewa kowace mai goyo tana da ikon neman ragin sa'o'i ko canjin lokaci har ɗanta ya cika wata shida aƙalla, a ba ta amsa a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, kuma kada a kore ta ko a hana ta ƙarin girma don ta nema. Ma'aikatar Ƙwadago ta tura sufetocinta su tabbatar ana bin ko da ɗan abin da ke akwai, Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa kuma ta sa wannan batu cikin abin da take tattaunawa da masu kamfanoni, kamar yadda take yi da batun albashi. Dokar nan ta haura shekara 50, jariran da aka haifa a shekarar da aka kafa ta yau wasunsu sun yi jikoki. Ya isa a gyara ta.