A bar su su shiga tseren, ko da za su zo na ƙarshe

Maganar wannan makon daga zauren gidanmu na ɗauko ta, a Lakwaya, inda aka kwashe kusan sati biyu ana ja-in-ja a kan keken ƙanena.

Su takwas ne. Duk Juma'a da Lahadi, da an idar da sallar asuba, sai su haɗu su nufi Gwarzo, su hau kwalta su miƙa wajen Kabo, su juyo kafin rana ta yi zafi. Akwai tela a cikinsu, akwai mai faci, akwai ɗaliban sakandare. Biyu ne kawai ke da keken tsere na gwanjo mai giya. Sauran Phoenix ne irin na kai buhu kasuwa, an kwance kariya da ƙararrawa don a rage nauyi. Yanzu sun ji za a yi tseren keke a cikin Kano, huɗu daga cikinsu sun ba da suna, har da nawa ƙanin. Baba ya ce ba da yawunsa ba. 'Yan majalisa kuma suka ce yaran za su je su ba da mu a birni.

Ni dai ina ganin a bar su su je, kuma ba don ina tsammanin za su ciyo komai ba.

Na bi su sau biyu a kan babur, na ga abin da mai kallo daga bakin hanya ba ya gani. Tafiyar ba ta kowa-tasa-ta-fisshe-shi ba ce. A jere suke, taya kusa da taya. Na gaba shi ke yanka iska, na bayansa kuwa yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe in shi kaɗai ne. In na gaba ya gaji sai ya zame gefe ya koma ƙarshe, na biyu ya karɓa. In an hango rami, da hannu ake nuna wa na baya. Ba a taka birki kwatsam. Sun koyi wannan ranar da biyu suka zube a kan tsakuwa, telan nan ya yi sati bai taka keken ɗinki ba. Yaron da a gida sai an yi masa magana sau uku kafin ya ɗebo ruwa, ga shi yana karɓar iskar hunturu a ƙirji don abokinsa ya huta. Wannan kaɗai ya sa na daina yi musu dariya.

To amma atisaye tsakanin abokai yana da iyaka. In ka gaji za su jira ka. A tsere ba mai jiran ka. A can ne za su san yadda ake tashi cikin cunkoso kafaɗa na gugar kafaɗa, yadda ake shan kwana ba a rage gudu ba, yadda ake shan ruwa ƙafa na kan feda. Kuma a can ne za su ga ayarin gaba ya tsere musu, su koma tuƙi su kaɗai. Na tabbata hakan zai faru da ƙanena. Keken ƙarfe mai giya ɗaya ba ya ja da keken da ake ɗagawa da hannu guda. Sai dai zai dawo ya san inda ƙarfinsa ya tsaya, abin da shekara guda ta zirga-zirga tsakanin Gwarzo da Kabo ba za ta faɗa masa ba.

Masu maganar abin kunya, ku tuna Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a Paris a 2024. Da aka zo tseren cikin fili ba ta da keken da ya dace, 'yan Jamus ne suka ara mata. Kunyar ba tata ba ce, ta waɗanda suka tura ta ce. A shekarar ne kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe zango uku a Tour de France. A Ruwanda, wadda ta karɓi gasar duniya a Kigali a watan Satumban 2025, wasu cikin 'yan tserensu da dakon dankali da acaɓar keke suka fara. Burkina Faso na yin Tour du Faso tun 1987. Mu a nan ƙafafun muna da su. Duk wanda ya ga manomi ya ɗoro buhun masara a keke ya hau gangare da shi ya san haka. Matsalarmu mun ɗauki keke shaidar talauci, har sai da aka cire tallafin mai a 2023 sannan wasu suka kakkaɓe nasu daga ƙarƙashin rumbu.

Inda na koma bayan Baba shi ne batun haɗari, don shi ba kunya yake ji ba, tsoro yake ji. Hanyar Kano zuwa Gwarzo ba filin wasa ba ce. Motocin haya na gudu, manyan motoci ba sa kaucewa, mai keke kuma a idon direba kamar akuya yake. Cikin yaran takwas uku ne ke da hular kwano, ɗaya ma ta babur ce. Wani birkinsa na baya da igiyar roba aka ɗaure shi. Wannan ba jarumta ba ce, ganganci ne, kuma na faɗa musu a gaban idonsu. Duk wanda ba shi da hula da birki biyu masu ci, bai kamata ƙungiyar ta yarda ya shiga layi ba, ko a atisaye.

Masu shirya irin wannan tsere su ma da nasu. A ware rukuni na masu keken gida, su kara da junansu, don kada yaron ƙauye ya je sau ɗaya ya rantse ba zai koma ba. A kuma rufe hanya da gaske, ba a sa mutum biyu da jan ƙyalle ba. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo kuwa, ba sai sun gina komai ba. Safiya ɗaya a shekara, 'yan kilomitoci na kwalta, jami'an hanya da motar asibiti, sun isa a yi tseren da yaran Getso, Kutama, Garo da Lakwaya za su shiga ba tare da sun biya kuɗin mota zuwa birni ba. Hakan ya fi rabon riguna masu hoton ɗan takara.

Daren jiya Baba ya sauko, bisa sharaɗi biyu: hula a ka, kuma ni zan raka shi. Na sayo hular da kuɗin da nake tarawa na gyaran waya. Saura tayar gaba, wadda mai facin cikinsu ya ce ta sha faci bakwai, ba zai ƙara sa mata hannu ba.