Tsufan murya: Yaushe ya kamata mawaƙi ya sauka daga dandali?

A ranar 5 ga watan Yulin 2025, mutane sama da dubu 40 ne suka cika filin ƙwallon Villa Park da ke birnin Birmingham na Ingila, domin yin ban kwana da Ozzy Osbourne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kiɗan rock mai tsananin amo.

A zaune ya yi waƙar, bisa wata baƙar kujera mai kama da karagar mulki, saboda cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki ta hana shi tsayuwa. Kwana 17 bayan haka ya mutu, yana da shekara 76.

Tun a watan Agustan 2024 ma ƙungiyar Aerosmith ta Amurka ta sanar da cewa ta daina yawon wasa, domin raunin da jagoranta Steven Tyler ya ji a maƙogwaro a 2023 bai warke yadda zai koma kamar da ba.

Waɗannan al'amura sun sake tayar da muhawara a ƙasashen Yamma. Wasu na ganin zalunci ne a karɓi kuɗin mutum masu yawa, sannan a ba shi ragowar murya. Wasu kuwa na cewa su mutumin suka je gani, ko da numfashi kawai zai yi musu.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sai dai a nan kunya da girmama furfura sun sa akan yi ta ne a zaure bayan an tashi daga wasa, ba a gaban mai waƙar ba.

Abin da shekaru ke yi wa maƙogwaro

Murya tana fitowa ne daga wasu siraran tsokoki guda biyu da ke cikin maƙogwaro, waɗanda ke kaɗawa idan iska ta taso daga huhu. Yayin da mutum ya manyanta sai su rame, su rage laushi, har su kasa haɗuwa sosai. Iska sai ta riƙa zurarewa ta tsakaninsu, muryar ta dishe ko ta yi rawa.

Huhun ma ƙarfinsa raguwa yake yi, don haka ɗan waƙar da a da ake kai shi ƙarshe da numfashi ɗaya sai ya koma sai an yanka shi biyu. Abin da ke fara gudu shi ne saman murya, inda ake ɗaga ta a tsaga fili.

Shan taba, da ƙurar hunturu, da kwanan zaune ana waƙa a sarari ba lasifika, duk suna gaggauta wannan lalacewa. Duk wanda ya san rayuwar makaɗin Hausa na da ya san cewa ba ɗaya daga cikin ukun nan da ya yi masa nisa.

Rufin asirin 'yan amshi

To amma tsarin waƙar baka ta Hausa ya yi wa tsufa wani tanadi da mawaƙin rock ba shi da shi.

A ƙungiyoyin makaɗan fada, irin na Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, jagora ba shi kaɗai ke ɗauke da waƙar ba. Yakan faro ɗan waƙa, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, su dawo da shi kan gindin waƙar. Idan murya ta fara gazawa, sai jagora ya rage nasa rabon, yaransa su ƙara nasu, mai sauraro kuma ya tashi bai ji giɓi ba.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku har ya rasu a 1973 cikin tsufa tukuf.

Tarihin gidan su Ɗanƙwairo ya fi fito da tsarin fili. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne. Bayansa ragamar ta koma hannun wan Musa, wato Abdu Kurna, shi kuwa Musa ya zama Daudun Kiɗi, mataimakin da ke jiran gado. Ko laƙabin Ɗanƙwairo ma, kamar yadda masu nazarin waƙa suka ruwaito, daga murya ya samo asali, domin zaƙin muryarsa ya tuna wa mutane wani yaron mahaifinsa da ake kira Ƙwairo. Da shi ma ya tsufa, 'ya'yansa ne suka kewaye shi da kotso da amshi har zuwa rasuwarsa a 1991.

Haka nan a Yawuri ta jihar Kebbi, inda gidan Aliyu Ɗandawo bai mutu da rasuwarsa ba, domin ɗansa Sani ya ɗauki kiɗan ya ci gaba.

Ma'ana dai, kafin muryar uba ta ƙare, ta ɗa ta riga ta nuna a bayansa.

Ba kowa ne ya sami wannan inuwa ba. A ƙungiyar Alhaji Mamman Shata, masu kalangu amshi kawai suke maimaitawa, nauyin 'ya'yan waƙar duka a wuyansa yake. Ya shafe fiye da rabin ƙarni a haka kafin ya rasu a Kano ranar 18 ga watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka binne.

Na Ɗanmaraya Jos ya fi tsanani, domin daga shi sai kuntiginsa. Ba ɗan amshin da zai karɓe shi idan numfashi ya yanke. Duk da haka an ci gaba da gayyatarsa manyan taruka har zuwa shekarunsa na ƙarshe, kafin rasuwarsa a watan Yunin 2015.

Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ma da ƙwaryarta ta tsufa, mata na kewaye da ita suna amsa mata.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Mai sauraron rock yana jiran ihun nan ne da ya ji a faifai lokacin da mawaƙin ke da shekara 25. Bahaushe kuwa, ko da yake yana son zaƙin murya, abin da ya fi kai shi gaban makaɗi shi ne azanci: zambon da zai soki abokin hamayyar sarki ba a ambaci sunansa ba, da habaici, da sanin asalin kowa tun daga kakansa. Waɗannan kaya ne da shekaru ke ƙara wa nauyi.

Sai dai na'ura ta rage wannan rangwame. Tun daga faya-fayen gidan rediyon Kaduna, zuwa kaset, zuwa wayar hannu, ƙuruciyar kowane mawaƙi tana nan a ajiye. Tsohon makaɗi a yau ba ya da abokin gasar da ya fi ƙarfinsa kamar muryarsa ta shekara 30 da suka wuce, wadda ke cikin aljihun duk wanda ya zo kallonsa.

Wa zai ciyar da gida?

Inda hanyoyin suka rabu ƙwarai shi ne wajen kuɗi.

A 2020 Bob Dylan ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin waƙoƙinsa a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 300. A 2021 Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa a kan kimanin dala miliyan 500. Idan irin waɗannan suka hau dandali da furfura, ba yunwa ce ta kai su ba. Ko dai son abin ne, ko kuma tsoron shirun da ke biyo bayan tafi.

Makaɗin Hausa ba shi da fansho. Arzikinsa kyauta ce: doki, da babbar riga, da mota, da kujerar Makka, da kuɗin liƙi. Dukkansu kuwa ba sa zuwa sai ya fito da kansa ya buɗe baki. Ranar da ya kwanta, ranar ce samu ya tsaya, ba nasa kaɗai ba, har da na masu kiɗa da 'yan amshi da sanƙira da iyalansu, waɗanda duk daga maƙogwaro ɗaya suke ci.

Waƙoƙin da ya kamata su zama masa gonar tsufa kuwa, shekara da shekaru ana kwafarsu a kasuwa, daga kaset zuwa katin waya, ba tare da ko kwabo ya koma gidansa ba.

A rubuce dai doka na gefensa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa har tsawon shekara 70 bayan mutuwar mai ita. Wato haƙƙin magadan Shata bai ƙare ba sai ƙarshen 2069. Amma tsakanin abin da ke cikin takarda da abin da ke shiga hannun magada akwai tafiya mai nisa, musamman ga wanda bai taɓa sa hannu a wata yarjejeniya ba a lokacin da aka ɗauki muryarsa.

Liƙin ma da ya rage, doka ta hana. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya mayar da watsa naira a wurin biki laifi, mai hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira dubu 50, kuma daga 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da sanannun mutane da dama a kan haka.

Saboda haka, kafin a ga laifin dattijon da ya fito fili da muryar da ta dishe, ya kamata a fara tambayar waɗanda suka yi shekaru suna jin daɗin waƙarsa kyauta abin da suka tanadar masa.

Makaɗan karkara

Duk waɗanda aka ambata a sama masu suna ne, waɗanda sarakuna da gwamnoni suka sani. Mafi yawan makaɗa ba su kai nan ba.

A garuruwa irin su Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, da ƙauyukan da ke kewaye, makaɗi ya dogara ne ga bikin aure da suna, da gayyar noma, da kokawa, da shagulgulan kaka irin su Uhola na ƙasar Zuru. Ba a taɓa ɗaukar muryar da yawa daga cikinsu a ɗakin naɗar sauti ba, balle a yi maganar haƙƙi.

Su waɗannan, rashin tsaro ya riga tsufa isa gare su. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa kai sama da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Inda mutane ke tsoron kwana a gidajensu, ba wanda zai kafa dandalin kiɗa har tsakar dare.

Illar hakan ta wuce ta aljihu. Yaron da zai gaji kiɗa a fili yake koyo, yana bayan ubansa yana amshi. Idan fili ya mutu, ya tafi birni neman abin yi, sai a bar tsoho shi kaɗai da gangarsa, ba mai rufa masa baya, ba kuma wanda zai miƙa wa.

Akwai kuma matsin da Ozzy Osbourne bai sani ba. A tsakanin al'ummar Musulmi ta arewa, da yawa na ganin cewa furfura lokaci ne na istigfari da lizimtar masallaci, don haka 'ya'ya da malamai kan nemi tsohon makaɗi ya ajiye. Wasu sun amsa wannan kira, kamar Gambu, wanda ya yi suna da waƙar ɓarayi amma ya bar ta kafin rasuwarsa. Wasu kuma sun zaɓi tsaka-tsaki, suka daina kwanan fili, suka taƙaita ga naɗin sarauta da gaisuwar salla.

Mawaƙan zamani

Tambayar yanzu ta doso mawaƙan zamani, waɗanda suka taso da fiyano da ɗakin naɗar sauti tare da bunƙasar finafinan Hausa a ƙarshen shekarun 1990. Na farkonsu sun haura shekara 50.

Su ba su da Daudun Kiɗi. Kwamfuta ce 'yar amshinsu, ita ce kuma ke gyara musu murya idan ta kauce. A wuraren biki da tarukan siyasa an saba a kunna waƙar da aka riga aka naɗa, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bin ta da baki, kuma jama'a ba su cika damuwa ba.

Ta wannan fuska, tsufa ba zai tona musu asiri da wuri ba, domin muryar da ke fita daga lasifika ba ta tsufa. A ƙasashen Yamma kuwa, inda ake sayen tikiti da sharaɗin za a ji waƙa kai tsaye, zargin yin hakan kan zama abin kunya ga mawaƙi.

Can ma dai an fara neman wata hanyar. A wasanta na ban kwana a birnin New York a watan Disamban 2023, ƙungiyar KISS ta nuna wa jama'a surorin 'yan ƙungiyar da aka ƙera da kwamfuta, waɗanda ta ce su za su ci gaba da wasa a madadinsu. Dama tun 2022 ake irin wannan wasa a Landan da surorin mawaƙan ABBA na ƙasar Suwidin, suna fitowa da kamanninsu na shekarun 1970.

A ƙasar Hausa ba a kai nan ba tukuna. Amma manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum sun riga sun shiga wayoyin matasa, kuma muryoyin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani suna nan birjik a intanet ga duk mai son ɗauka. Idan aka wayi gari an sa ɗaya daga cikinsu ya yi wa wani ɗan takara waƙar da bai taɓa yi ba, magadansa ne za su fara neman wanda za su kai ƙara.