Raddi Ga Mai Cewa Turanci Kaɗai Ke Da Kalma Marar Wasali

Wani malamin Turanci a nan Kwoi yana koya wa ɗalibansa cewa rhythm, myth da sky kalmomi ne marasa wasali, kuma wai babu harshen da ke da irinsu, in ka ɗebe Larabci, wanda a cewarsa ba shi da wasali sam. Malam, Allah ya ƙara basira, duka da'awoyin nan uku ba su tsaya ba.

Na farko, ka haɗa harafi da sauti. Wasali sauti ne da iska ke fita ba tare da harshe ko leɓe sun tare ta ba. Furta sky, ka ji yadda bakinka ya buɗe da "ai". Turancin Ingila yana da sautin wasali kusan 20, haruffan da aka ware masa biyar ne kacal, shi ya sa y ke taya su aiki. Dubi allon ajinka: y ɗin da ke cikin Hyam, sunan harshen mutanen garin nan, tana manne da baƙi ne, kamar ta kyau da gyara. Ta myth kuwa wasali ce tsantsa. Da shh ko psst ka kawo, da mun saurare ka, ko da yake waɗannan sun fi kusa da tsaki.

Batun Larabci ko almajiri zai warware maka. A makarantar allo ana fara babbaƙu, sannan farfaru. Fataha da kisira da rufu'a suna nan a baki, ko alƙalami bai sa su ba.

Da'awar "Turanci kaɗai" ita ta fi rauni. Ibo na cewa m, wato ni. Bayarabe na cewa mo ń lọ, ina tafiya, kuma ń ɗin gaɓa ce mai ɗauke da karin sautinta. A harshen Cek, vlk kyarkeci ne, krk wuya, inda l da r suka riƙe gaɓar. Mai gardama zai ce ai waɗannan baƙaƙen 'yan uwan wasali ne. To, a je kudancin Maroko. A Tashelhit, harshen Berber da François Dell da Mohamed Elmedlaoui suka yi wa nazari a 1985, fk na nufin ba da, kks kuma cire. Cikinsu babu ko sautin da ke kaɗa tantanin maƙwallato, balle wasali.