Wasan Kwaikwayo Ya Wuce Ban Dariya

Idan watan azumi ya kwana goma, yara a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa sukan fito tashe bayan shan ruwa. Wani ya liƙa gemun auduga ya ranƙwafa bisa sanda, wani ya naɗa rawani ya kwaikwayi malamin da ya taka rawa ya kuma musanta. Jama'a sukan yi dariya su ba da sadaka, amma a ƙarƙashin dariyar akwai tunatarwa game da tsufa da kabari da munafunci.

Abin takaici, rubutattun wasanninmu ba su bi wannan sawu sosai ba. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma na 1979, sun yi gargaɗi mai amfani kan aure da tarbiyya, amma a nan suka tsaya. Wanda ya yi nisa shi ne Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa a 1975. A cikinsa an ga yaron da aka raba da mahaifiyarsa, ya sha bauta, ya zama malami, ya rungumi ƙaddara.

Ƙasar Lituwaniya a Turai ta isa misali. A zamanin mulkin Tarayyar Sobiyat, lokacin da aka takura addini, Justinas Marcinkevicius ya rubuta wasanni uku tsakanin 1968 da 1977, ɗaya daga ciki kan limamin cocin da ya wallafa littafin farko a harshensu a 1547. Ta bakin mutanen tarihi ya tattauna imani da laifi da sadaukarwa.

Wasu na tsoron kada wasa ya taɓa alfarmar addini. Wannan tsoro yana da hujja, sai dai ba a bukatar kwaikwayon gaibu. Ɗan Adam da ke fuskantar mutuwa ko rantsuwa ko haƙƙin maraya ya ishi marubuci.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Jigawa ta sa malaman Hausa su tattara wasannin tashe daga bakin dattawa tun suna raye, ɗalibai kuma su gina sababbin wasanni a kansu. Allah Ya sa a dace.