Yadda caca ta sa rigar gasa

A shekarar 1970, lokacin da ake gina gidajen farko na Arlit saboda ma'aikatan SOMAÏR, wani mai gidan caca a wata hamadar daban, a Las Vegas ta Amurka, ya tara gwanayen karta bakwai. Sunansa Benny Binion, gidan kuma Horseshoe. Suka yi kwanaki suna buga kartar da ake kira poka. Ba a yi wasan ƙarshe ba: ƴan cacar ne suka kaɗa ƙuri'a tsakaninsu, suka zaɓi Johnny Moss, aka miƙa masa kofin azurfa. Wannan zama na mutum bakwai shi aka laƙaba wa suna gasar poka ta duniya.

A 1971 aka sauya tsari. Mutum shida, kowa ya zuba dalar Amurka 5,000 (ba dalarmu ta sefa biyar ba), wanda kuɗinsa ya ƙare ya tashi. Moss ya kwashe 30,000. A 1972 Amarillo Slim ya ci, ya yi ta yawo gidajen talabijin ana hira da shi kamar zakaran dambe. Abin da Binion ke nema ke nan. Ɗan caca, wanda jiya ake ɓoye sana'arsa, ya koma gwarzo, gidan caca kuma ya samu talla kyauta.

Me ya kawo wannan labari gaban malamai da iyaye? Dabarar ce ta iso wayoyin ƴaƴanmu. Yaron da ba zai yarda a gan shi a tabarmar ƴan karta bayan kasuwa ba, shi ne ke zuba kuɗi kan Barcelona, yana cewa ai sanin ƙwallo ne. Tun da aka rufe COMINAK a Akokan a ƙarshen Maris 2021, gidaje da yawa sun rasa albashin da suka saba, kuma inda kuɗi ya yi ƙaranci nan labarin wanda ya ci miliyan da jaka guda ya fi shiga kunne.

Hukuncin addini a fili yake, yaran sun san shi tun daga makarantar allo. Abin da ba mu ba su ba shi ne lissafi. Ina ganin ya kamata mushen lissafi ya rubuta wannan a allo: a 2006 mutum 8,773 suka shiga gasar, kowa da dala 10,000. Ɗaya ya tafi da miliyan 12. Kusan tara cikin goma suka koma gida hannu rabbana, gidan caca kuwa ya cire kasonsa tun kafin a raba karta. A bar ɗalibai su ninka, su raba da kansu.

Za a ce poka akwai gwaninta a ciki. Akwai, Moss ya sake ci a 1974. Amma gwanin yana ci ne daga aljihun marasa gwaninta, kuma ɗan aji uku da ke cacar ƙwallo a waya ba da abokinsa yake karawa ba, da kamfani ne mai ma'aikatan lissafi. Iyaye, in yaro ya fara roƙon kuɗin kiredi sau uku a mako, ku karɓi wayar ku duba.