Tausayin Da Ke Kwantar Da Mai Cutar MS



Yau ina so in taɓo wata ɗabi'a tamu da muke yi da kyakkyawar niyya, amma take cutar da wanda muke ƙauna. Da zarar ƙafar ɗan'uwa ta fara nauyi, sai mu ce masa: "Zauna, kada ka wahalar da kanka, bari in miƙo maka." A wasu cututtuka hakan daidai ne. A cutar da likitoci ke kira MS a taƙaice kuwa, ina ganin wannan tausayi yakan ƙara wa majinyaci nakasa a kan wadda cutar ta zo da ita.

Ga wanda bai san ta ba, cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa rufin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar a ce ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki. Saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa sai ya yi jinkiri, ko ya ɓace a hanya. Daga nan sai jan ƙafa, da sandarewar tsoka, da tangaɗi, da wata irin gajiya wadda barci ba ya kawar da ita. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma galibi tana bayyana ne tsakanin shekara 20 da 40. Wato sa'o'inku take kamawa. Kada kuma a ɗauka ta Turawa ce kaɗai, domin ta yi yawa a Iran da Kuwait.

Shawarar a kwanta a huta ba mu muka ƙago ta ba, likitoci ma sun daɗe a kanta. Charcot ya yi bayanin cutar a birnin Paris a 1868. A 1890 wani likitan ido Bajamushe mai suna Uhthoff ya lura cewa ganin wasu majinyata yakan dusashe idan sun motsa jiki. Saboda irin wannan, aka shafe kusan ƙarni guda ana gargaɗinsu da su guji duk abin da zai sa su gumi. Daga baya aka gane cewa laifin na zafi ne. Jijiyar da rufinta ya lalace takan kasa isar da saƙo idan zafin jiki ya ƙaru ko da da rabin digiri, kuma da jiki ya huce sai alamomin su lafa. Ba sabon rauni aka samu ba. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar tawa gaba ɗaya.

A 1996 Dakta Petajan da abokan aikinsa a Jami'ar Utah ta Amurka suka jarraba abin da ake tsoro. Suka kasa majinyata 54 gida biyu, kashi ɗaya suka riƙa motsa hannu da ƙafa a kan keken girke na minti 40, sau uku a mako, har mako 15. Waɗanda suka yi haka ƙarfinsu ya ƙaru, gajiya da ƙuncin zuciya suka ragu. Binciken da ya biyo baya ya nuna motsa jiki yana ƙara saurin tafiya da nisanta, kuma ba ya sa cutar ta riƙa tashi. A 2013 masana a Kanada suka fitar da ƙa'ida ga masu nakasa mara tsanani: minti 30 na motsa jiki matsakaici sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka shi ma sau biyu.

Ba na cewa motsa jiki yana warkar da MS, kuma ba ya maye gurbin maganin likita. Sai dai ƙafar da aka ajiye tana ramewa, ko mai ita lafiyayye ne. Mai MS da ya daina tafiya rauni biyu ke kansa, na cuta da na zama, kuma na biyun nan ana iya kauce masa. Akwai ma ƙwaya da Amurka ta amince da ita a 2010 don inganta tafiya, mai suna dalfampridine, amma ba ta yi wa kowa aiki, waɗanda take taimaka wa ba su kai rabi ba.

Wani zai ce ai jarrabawa ce, sai haƙuri. Haka ne, amma wa ya ce haƙuri shimfiɗa tabarma ne? Wanda ya dafa bango ya yi taku goma yau, ya sake yi gobe, duk da bai ga canji ba, yana cikin masu haƙuri. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen yin sallah a zaune, kuma duk wanda tsayuwa ke barazanar kayar da shi ya karɓi rangwamen ba tare da jin kunya ba. Sai dai sauƙin da aka yi masa a sallah bai zama umarni gare mu mu hana shi zuwa randa ya ɗebo ruwa da kansa ba. Haka nan mu daina yi wa matashi mai sanda kallon tsoho ko abin tausayi, domin sandar ce ke fitar da shi daga ɗaki, kunyar riƙe ta kuma ita ke mayar da shi.

Idan akwai mai wannan cuta a gidanku, a fara da ganin likitan fisiyo, ya auna tafiyarsa ya tsara masa abin da ya dace da shi, tun da wanda tangaɗi ke damu da wanda ƙafarsa ke sandarewa ba atisaye ɗaya suke buƙata ba. A garuruwa masu zafi irin namu, a zaɓi bayan asuba, a sha ruwan sanyi, a jiƙa tawul a ɗora a wuya, a huta tsakanin zagaye. Idan alamomin da suka taso ba su lafa ba bayan kwana guda, ko zazzaɓi ya shigo, a koma asibiti. Kai kuma mai rakiya, ka tsaya a gefen ƙafar da ta fi rauni, kada ka riƙe shi sai ya nema.