Wa ke ba garka ruwa a watan Afirilu?

Ranar da muka buɗe garkar unguwarmu a nan Damagaram, mutum ya fi sittin a wurin. Ga masu manyan riguna, ga 'yan fada da butar shayinsu, kowa ya riƙe dashen zogala ana ɗaukar hoto. Ni kaina washegari na cika wa masu saurare kunne a rediyo da yabon haɗin kai. Shekara biyu ke nan. Mai son ya san masu garkar na gaskiya, ya zo bayan sallar asuba a watan Afirilu. Mata biyar zai tarar, da wani tsoho da ke kwana yana korar awaki ba tare da an ɗauke shi aiki ba.

A taronmu na baya na kawo shawara: cikin kuɗin salati da tumatir da yakuwa da ake sayarwa, a riƙa ware wa masu ban ruwa kashi ɗaya cikin uku, a rubuta a littafi. Wani dattijo na kwamitinmu, wanda ban taɓa ganin laka a ƙafarsa ba, ya ce: "Haba ɗiyata, aikin Allah ne fa. Kuɗi na shiga, albarka na fita." Na ce: "Baba, Allah ya ƙara girma, amma ɗan ga-ruwa ba ya karɓar albarka." Aka ce na yi rashin kunya. To bari in ƙarasa ta a rubuce.

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Daga wajen gari ake jawo mana shi, daga irin su Gogo da Machaya, kuma in bazara ta kama, zafi ya haura 40, famfo kan yi kwanaki yana huci kawai. Salati ba ya jira. Kwana biyu ba ruwa, ya kwanta. Cikin irin waɗannan ranaku matan nan ke kwance bakin zane su sayi jarka daga 'yan ga-ruwa. Ɗaya daga cikinsu ta taɓa cire jika biyu daga kuɗin adashenta don kada kwamin albasa ya ƙone. Ba wanda ya mayar mata. An dai ce mata Allah ya saka da alheri, ta ce amin, ta koma gida ta tarar da nata randunan a bushe.

Masu kafa mini hujja da gayya, sai ka ce ba su taɓa zuwa gayya ba. Mai gona yakan dama fura, ya tuƙa tuwo, ya raba goro, har makaɗi a kira. Kakanninmu ba su sa mutum aiki da yunwa. Kuma gayya ta wuni ɗaya ce, gobe a zagayo gonarka. Ban ruwa kuwa safe da yamma ne, wata da watanni, kuma ba ya zagayowa kan kowa sai waɗannan mata biyar.

Na san abin da ake tsoro, kuma ba shirme ba ne. Na ga ƙungiyoyin da kuɗi ya watsa, har maƙwabta suka daina gaisawa. Sai dai kuɗin da ba a rubuta ba ne ya watsa su. Mu ma ai kuɗin na shigowa, ba a dai faɗi. Cinikin bara ina ya tafi? Hayar kujeru da rumfa da lasifika don bikin cika shekara, inda mutum sittin ɗin nan suka sake bayyana, aka sake hoto. A ranar albarka ba ta fita ba. Sai da aka ambaci mai ɗaukar jarka ta fara neman ƙofa.

Wannan cuta ba a unguwarmu ta tsaya ba. Kowace 3 ga Agusta ƙasa duka na dasa itatuwa, mu 'yan jarida muna biye da makirfo. Wa ke komawa a watan Maris ya ƙirga waɗanda suka rayu? Ni dai ban taɓa komawa ba, kuma laifina ne. Noman rani da aka tura jama'a gare shi bayan farin 1984, zamanin Seyni Kountché, inda ya kama ƙasa ya kama ne don mai ban ruwa na cin abin da ya shuka, yana sayar da saura.

Biyu cikin matan sun riga sun gaya mini ba za su ƙara wata bazarar a haka ba. In suka tafi, wurin zai koma jujin da yake a da, kuma akwai masu ido a kansa tun tuni, don filin da ba kowa a kai ba ya daɗewa a cikin gari bai zama fegin wani ba.

Asabar mai zuwa akwai taro. Na sayi littafi da biro, na ja layi uku: abin da aka sayar, kuɗin ruwa, rabon masu ban ruwa. In kwamiti ya ƙi, zan miƙa wa Baba makullin garkar da jarka biyu, in gaya masa ana farawa ne da kwamin albasa, kafin rana ta fito.